Ku Tambayi Lauya: Tankaɗe da Rairaya a Ƙofar Kotun Ƙoli

Wasiƙun da suka iske ni a Kasala wannan karon sun taru a kan magana ɗaya, wato yadda ake naɗa manyan alƙalai da rigimar da ke biyo baya. Na zaɓi biyar, na taƙaita wasu saboda wuri. Masu tambayar gado da iyakar gona su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Baba Ustaz, barka da aiki. Ni ɗalibin lauya ne, yaƙi ya dawo da ni gida daga Khartum. Na ga wani tsohon bidiyo a Facebook, sanatocin Amurka sun titsiye wani babban alƙali suna yi masa tambayoyi kamar an kama shi da kayan sata, har ya fusata yana ɗaga murya. Mutumin da shugaban ƙasa ya riga ya zaɓa, mene ne na wulaƙanta shi? In kuwa iliminsa ake gwadawa, ina sanata ya fi alƙali sanin shari'a? Daga wani ɗalibi, Kasala.

Amsa: Ɗana, yadda ka kwatanta, zaman Brett Kavanaugh ka gani, na watan Satumbar 2018, lokacin da ake tantance shi don shiga Kotun Ƙolin Amurka. Ba iliminsa ake gwadawa ba. Kafin sunan mutum ya kai nan ya daɗe yana alƙalanci ko koyarwa, hukunce-hukuncensa a rubuce suke, ma'aikatan sanatoci kuma sun karance su tsaf. Abin da ake yi a wannan zaure lissafi ne: namu nawa, nasu nawa, wa ake tsoron zai zame.

Tsarin kansa ba shi da wuya. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ba shugaban ƙasa ikon gabatar da suna, ya ba Majalisar Dattawa ikon amincewa ko ƙi. Bai ce dole mutumin ya zama lauya ba, bai kuma yanka masa shekaru ba. Sunan yakan je Kwamitin Shari'a, hukumar FBI ta bi diddigin rayuwarsa, a yi 'yan kwanaki ana tambayoyi, kwamiti ya kaɗa ƙuri'a, sannan sanatoci 100 su kaɗa tasu. Zaman tambayoyin ma ba ya cikin kundi, al'ada ce ta zo daga baya. Harlan Stone ne ya fara bayyana gaban kwamiti a 1925, kyamarar talabijin kuwa sai a 1981 ta shigo, lokacin Sandra Day O'Connor, mace ta farko a kotun. Tun daga ranar, rabin tambayar da sanata ke jefawa ba da alƙalin yake ba, da masu zaɓensa a gida yake.

Zafin abin daga wurin guda yake fitowa. Kujerun tara ne, kuma wanda ya hau ba ya ritaya sai ya ga dama ko mutuwa ta ɗauke shi. Ka ɗauka aure ne da babu saki a cikinsa. Ai dangi sai sun tono har kakan kakan mai nema kafin su karɓi goro. Clarence Thomas yana da shekara 43 aka tabbatar da shi a 1991, ya haura shekara talatin a kujerar, alhali shugaban ƙasa iyakarsa takwas. Wannan kotu ce kuma ke da maganar ƙarshe a kan zubar da ciki, mallakar bindiga da ikon shugaban ƙasa, ita ce ta tsayar da sake ƙirgen ƙuri'u a jihar Florida a shekarar 2000, biyar da huɗu, George Bush ya shige fada.

Da ba haka abin yake ba. A 1986 an tabbatar da Antonin Scalia, riƙaƙƙen ɗan mazan jiya, da ƙuri'a 98, babu ko ɗaya da ta ƙi. A 1993 Ruth Bader Ginsburg, wadda ra'ayinta ya yi hannun riga da nasa, ta samu 96 da 3. Tsakaninsu ne aka yi rigimar Robert Bork a 1987. Reagan ya kawo shi, 'yan Dimokrat ke riƙe da majalisa, shi kuma alƙali ne, tsohon malamin jami'a mai son muhawara, duk abin da aka tambaye shi sai ya zazzage ra'ayinsa. Aka kayar da shi, 58 da 42. Duk wanda ya zo bayansa ya ɗauki darasi. Yanzu in an tambayi mutum ra'ayinsa kan wata mas'ala sai ya ce maganar za ta iya zuwa gabansa a kotu, don haka ba zai ce komai ba. Na ga shaidu masu zamiya iri-iri a kotunan Madani da Gadarif, amma ban ga wanda ya kama ƙafar waɗannan ba, ga ladabi ga murmushi, a ƙare yini ba ka riƙe komai ba.

Akwai wata ƙa'ida da ta daɗe tana taka wa masu rinjaye birki: sai an samu sanata 60 kafin a rufe muhawara a je ga ƙuri'a. Ma'anarta dole shugaban ƙasa ya kawo wanda wasu daga 'yan adawa za su iya haɗiyewa. A 2013 Harry Reid, jagoran 'yan Dimokrat, ya cire ta a kan alƙalan ƙananan kotunan tarayya saboda 'yan Rifablikan sun tare wa Obama hanya. Aka ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. A 2017 Mitch McConnell, jagoran 'yan Rifablikan, ya cire ta a kan Kotun Ƙoli, Neil Gorsuch ya wuce da 54 da 45.

Kujerar da Gorsuch ya hau ita ce babban darasi a wurina. Scalia ya mutu a Fabrairun 2016, Obama ya gabatar da Merrick Garland a watan Maris, mutumin da 'yan Rifablikan da kansu sun taɓa yabo. McConnell ya ce shekarar zaɓe ce, a bar jama'a su zaɓi shugaban da zai cike gurbin. Ko zaman tambayoyi ba a yi masa ba, sunan ya kwana 293 a ajiye har wa'adin majalisar ya ƙare. Sai ga Ginsburg ta mutu ranar 18 ga Satumbar 2020, zaɓe saura mako shida da 'yan kwanaki. McConnell ɗin nan dai ya tabbatar da Amy Coney Barrett ranar 26 ga Oktoba, 52 da 48, saura kwana takwas a kaɗa ƙuri'a. Hujjarsa ita ce a 2016 fadar shugaban ƙasa da majalisa suna hannun jam'iyyu daban-daban, a 2020 kuwa hannu ɗaya. Ni ban karɓi wannan a matsayin ƙa'ida ba, bayani ne kawai na wanda ke da ƙuri'u. Ban kuma yarda cewa da 'yan Dimokrat ne a wurin za su yi kawaici ba. Ribar ta fito a Yunin 2022, lokacin da kotun ta rushe hukuncin 1973 da ya ba da damar zubar da ciki a duk ƙasar, kuma duka ukun da Trump ya naɗa, wato Gorsuch, Kavanaugh da Barrett, suna cikin masu rinjaye.

Tambaya: Ustaz, ni ban ga abin da ya haɗa mu da alƙalan Amurka ba. Muna fama da tsadar man noma da faɗuwar fam, yara na ɓata kuɗin intanet suna kallon rigimar da ba tamu ba. Daga wani Alhaji mai fataucin riɗi, Gadarif.

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Maganarka kan kuɗin intanet ban musa ba. Amma ka tambayi yaran gidanka nawa ne suka cike takardar bizar lotari, za ka ga akwai abin da ya haɗa mu.

A Janairun 2017 Trump ya hana 'yan ƙasashe bakwai shiga Amurka, Sudan na ciki. An yi ta shari'a, ana sake fasalin dokar, har aka cire Sudan a watan Satumba aka sa Chadi. A Yunin 2018 Kotun Ƙoli ta ce shugaban ƙasa yana da wannan iko, biyar da huɗu, kuma cikin biyar ɗin akwai Gorsuch, wanda ke zaune a kujerar da aka hana Garland. Da wannan hukunci a hannu, a ƙarshen Janairun 2020 aka rufe wa 'yan Sudan ƙofar lotari, aka kuma hana 'yan Najeriya bizar zama. Biden ya soke dokar ranar da ya hau a 2021, Trump ya dawo ya fitar da sabuwa a Yunin 2025, Sudan da Chadi suna cikin ƙasashe 12 da aka rufe wa ƙofa. Ka ga ƙuri'ar da aka kaɗa a Washinton ta iso har zauren gidanka.

Sunan Sudan ma kansa ya shiga kotun sau biyu a jere. A 2019 sojojin ruwan Amurka da suka jikkata, tare da iyalansu, na jirgin yaƙin Cole, wanda aka kai wa hari a Adan a shekarar 2000, sun zo da hukuncin diyyar sama da dala miliyan 300 a kanmu. Kotun ta rushe shi, takwas da ɗaya, a kan wani abu da kowane magatakardan kotu zai gane: an aika sammacin ofishin jakadancin Sudan da ke Washinton, alhali doka ta ce a aika wa ministan harkokin waje a ofishinsa. A Mayun 2020 kuwa, a shari'ar hare-haren 1998 kan ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Darussalam, alƙalai takwas da suka zauna duk sun yanke a kan Sudan. Bayan haka ne gwamnatin Hamdok ta biya dala miliyan 335, aka cire mu daga jerin masu goyon bayan ta'addanci a Disambar 2020, jerin da muka shiga tun 1993. A waɗannan shari'u biyu alƙalan ba su rabu bisa jam'iyya ba, kuma yawancin aikin kotun haka yake tafiya. 'Yan tsirarun shari'u masu zafi ne ake yi wa duk wannan kokawa.

Tambaya: Yaya Ustaz, abin da ya dame ni shi ne matan da suka fito suka zargi waɗannan alƙalai. In gaskiya suka faɗa, ta yaya aka naɗa mutanen? In ƙarya ce, ta yaya aka bar su suka ɓata sunan bayin Allah babu shaida? Daga wata malamar makaranta, Maiwurno.

Amsa: Malama, sau biyu aka yi wannan a bainar jama'a. A Oktobar 1991 Anita Hill, malamar lauya, ta ce Thomas ya riƙa yi mata maganganun batsa lokacin da take aiki a ƙarƙashinsa. Kwamitin maza ne zalla, su 14, Joe Biden ne shugabansu. Thomas ya musa, aka tabbatar da shi da 52 da 48. A 2018 Christine Blasey Ford, malamar jami'a a Kalifoniya, ta ce Kavanaugh ya yi yunƙurin yi mata fyaɗe suna 'yan sakandare a farkon shekarun 1980. Shi ma ya musa da kakkausar murya. Wani sanatan Rifablikan, Jeff Flake, ya matsa aka ba FBI mako ɗaya ta ƙara bincike, sannan aka tabbatar da shi da 50 da 48.

Abin da ke damunki, a ganina, shi ne kin sa ran za a yanke hukunci, majalisa kuwa ba kotu ba ce. Mu a kotu mun san hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa kan wanda ya musa, akwai tsarin kiran shaidu, akwai mai yanke magana wanda ba shi da rabo a ciki. A can masu sauraron su ne masu rabo. Masu goyon bayan mutumin suna cewa ba a tabbatar da laifi ba, don haka a wuce da shi. Masu adawa suna cewa ai ba kurkuku za a kai shi ba, aiki yake nema, shakka kaɗai ta isa a nemo wani. Kowace magana tana da ƙafa, sai dai kowane ɓangare yakan ɗauki wadda ta dace da shi a ranar. Ki duba ƙuri'ar 2018: ɗan Dimokrat ɗaya tal, Joe Manchin, ya goyi bayan Kavanaugh, 'yar Rifablikan ɗaya tal, Lisa Murkowski, ta ƙi goya masa baya. Ba zai yiwu a ce mutum 98 sun saurari shaida da zuciya ɗaya kuma kowa ya ga gaskiya daidai inda jam'iyyarsa ta tsaya ba.

Ni da za a tambaye ni, irin wannan zargi a bincike shi tun da wuri, a ba masu binciken lokaci da ikon kiran duk wanda suka ga dama, kafin a kunna kyamara. Mako ɗaya ba ya wanke wanda ake zargi, ba ya kuma share hawayen mai zargi.

Tambaya: Kawu, gaisuwa daga Jidda. Muna gardama da abokan aikina 'yan Najeriya. Su sun ce nasu tsarin ya fi, tun da ba a wannan tonon silili. Ni na ce a nan Saudiyya ma ba ma jin hayaniya. To mu a Sudan yaya ake yi, kuma wanne ya fi? Daga wani direba, Jidda.

Amsa: Ɗan 'yar'uwata, a gaishe mini da abokan gardamar taka. A Saudiyya ba za ka ji hayaniya ba domin babu matakin da za a yi ta. Dokar shari'a ta 2007, zamanin Sarki Abdullah, ita ta kafa Kotun Ƙoli a Riyad, wadda kake jin sanarwarta kan duban watan azumi da na Zulhajji. Shugabanta da umarnin sarki ake naɗa shi, sauran alƙalan ma haka, bisa shawarar Majalisar Ƙoli ta Shari'a. Majalisar Shura ba ta kaɗa ƙuri'a a kansu.

Najeriya tana da matakai uku: Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta ba da suna, shugaban ƙasa ya naɗa, Majalisar Dattawa ta tabbatar, alƙali kuma ya sauka yana da shekara 70. Gaskiya ne tantancewar takan wuce lami lafiya. Amma ka tuna wa abokanka Walter Onnoghen, tsohon Alƙalin Alƙalan Najeriya. Ya yi watanni yana riƙon ƙwarya daga Nuwambar 2016 ba a aika sunansa majalisa ba, sai da Osinbajo yana muƙaddashin shugaban ƙasa ya aika. An tabbatar da shi a Maris 2017. Ranar 25 ga Janairun 2019, zaɓe saura makonni, Buhari ya dakatar da shi bisa umarnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata kan batun bayyana kadarori, ba tare da an bi ta Majalisar Dattawa ba. Wanda ya gaje shi, Ibrahim Tanko Muhammad, ya yi murabus a Yunin 2022 jim kaɗan bayan abokan aikinsa 14 sun rubuta masa takardar koke.

Namu kuwa na gan shi da idona. Bayan faɗuwar Bashir, takardar tsarin mulki ta Agustan 2019 ta ce majalisar ƙoli ta alƙalai ce za ta zaɓi Alƙalin Alƙalai, ga shi ba a kafa ta ba. Gamayyar 'Yanci da Sauyi ta miƙa suna, sojoji suka ƙi. Matasa suka cika titunan Khartum a watan Satumba suna neman a naɗa, saboda sun san shari'ar waɗanda aka kashe a zaman dirshan na hedikwatar soja tana jiran wannan kujera. Aka gyara takardar, Majalisar Mulki ta naɗa Ni'imat Abdullah Muhammad Khair ranar 10 ga Oktoban 2019, mace ta farko a muƙamin. Mun yi murna, ba na ɓoyewa. A Mayun 2021 majalisar da ta naɗa ta ta sauke ta da sanarwa ɗaya. Majalisar dokokin da aka yi alkawari ba a taɓa kafa ta ba, balle wani ya tashi ya tambayi dalili. Kotun Tsarin Mulki kuma wa'adin alƙalanta ya ƙare a Janairun 2020, ta yi shekaru a rufe. Mu mutanen Kasala mun san abin da hakan ya jawo: malamin makaranta Ahmad al-Khair na Khashm al-Girba ya mutu a hannun jami'an tsaro a Fabrairun 2019, kotu a Umdurman ta yanke wa kusan mutum talatin hukuncin kisa a ƙarshen shekarar, lauyoyi kuma suka yi ta faɗin cewa irin wannan hukunci ba ya kammala matakansa alhali kotun ƙarshe ba ta zama.

Abin bai fara yau ba. Numairi ya kori alƙalai a 1983 har 'yan'uwansu suka tafi yajin aiki. Gwamnatin 1989 ta share wasu da sunan maslahar jama'a. Kwamitin rusa tsohuwar gwamnati ya sallami sama da ɗari a 2020. Tun kafin nan, a 1966 babbar kotu ta ce korar 'yan kwaminis daga majalisa ta saɓa wa tsarin mulki, gwamnatin Sadik al-Mahadi ta ƙi aiwatarwa, Alƙalin Alƙalai Babikir Awadallah ya ajiye aiki a 1967. Shi ɗin ne kuma ya zama firaminista a juyin mulkin Mayun 1969, don kada ka ɗauka alƙalanmu ba sa taɓa siyasa.

Ka tambaye ni wanne ya fi. Amurkawa suna faɗa a bakin ƙofa saboda sun san in mutum ya shiga ba mai iya fitar da shi. Mu ba ma wahalar da kanmu a bakin ƙofa saboda mai mulki ya san takarda ɗaya ta isa. In dole sai na zaɓa, na ɗauki hayaniyar, duk da muninta. Da a hannuna ne sai in ƙara mata abin da Jamus ke yi a Kotun Tsarin Mulkinta: wa'adi ɗaya na shekara 12 ba sabuntawa, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda kafin a naɗa, ta yadda babu jam'iyyar da za ta cusa nata ita kaɗai.

Tambaya: Malam, in jam'iyya ta ga kotun ta fi ƙarfinta, ba za ta iya tsige alƙalan ko ta ƙara yawansu ba? Daga wani tela, Damazin.

Amsa: Tsigewa tana cikin kundi amma sai kashi biyu cikin uku na sanatoci. Sau ɗaya aka kai alƙalin Kotun Ƙoli gaban Majalisar Dattawa, Samuel Chase, kuma ya tsira a 1805. Abe Fortas da kansa ya sauka a 1969 da maganar kuɗi ta taso masa. Adadin tara kuwa ba ya cikin kundi, dokar majalisa ce ta 1869, kuma majalisa za ta iya sauya ta. Franklin Roosevelt ya gwada a 1937, bayan kotun ta yi ta rushe masa dokokin farfaɗo da tattalin arziki. Ya nemi a ba shi damar ƙara alƙalai har shida. Jam'iyyarsa ce ke da gagarumin rinjaye a majalisa, kuma sanatocinta ne suka binne ƙudurin. Bayan naɗin Barrett wasu 'yan Dimokrat sun kawo ƙudurin mayar da kujerun 13 a 2021, ko ƙuri'a ba a kaɗa a kansa ba.